Yadda wahalar cike fom ta haifi kamfani: labarin Withoutabox da waɗanda suka gaje shi

Duk wanda yake kallon fostocin fina-finai, musamman gajerun nan da matasa suke yi yanzu su ɗora a YouTube, ya san ganyen nan guda biyu da ake liƙawa a saman fosta kamar kambu, a tsakiyarsu an rubuta sunan wani biki da shekara. Wata fostar ma sai ka ga ganye ya kai goma sha, har fuskar jarumi ta kusa ɓacewa. Ma'anarsa dai ita ce an zaɓi fim ɗin a wani bikin baje kolin fina-finai. To amma ta yaya fim yake isa hannun masu bikin tun farko? Yau amsar mai sauƙi ce, ka buɗe shafi a intanet, ka loda fim ɗinka sau ɗaya, ka danna maɓalli, ka biya, shikenan. Wannan maɓallin da muke ganin kamar ba komai ba, akwai kamfanin da ya fara kawo shi, ya riƙe shi gam shekara goma sha, ya ci kuɗi da shi son ransa, daga baya kuma ya mutu a kansa. Sunansa Withoutabox, wato in za a fassara, ba akwati ko ba kwali.

Sai ka san yadda abin yake kafin zuwansu sannan za ka gane me suka sayar.

Ka ɗauka kai ɗan fim ne mai zaman kansa a Amurka wajen 1998, ka gama fim da kuɗin aro da na 'yan uwa, babu wani babban kamfani a bayanka, hanya ɗaya da za a san kana duniya ita ce wani biki ya haska fim ɗinka, ko Allah zai sa wani mai rarraba fina-finai yana zaune a cikin 'yan kallo ya saya. To sai ka fara da nemo sunayen bukukuwan a littafi ko a bayan mujalla, ka rubuta musu wasiƙa ko ka buga waya su aiko maka fom ta gidan waya ko ta fakis. Kowane biki da nasa fom ɗin, alhali tambayoyin kusan ɗaya ne, sunan fim, minti nawa ne, wa ya ba da umarni, wa ya ɗauki hoto, da wane yare aka yi, sai taƙaitaccen labari wanda wannan zai ce kalma hamsin yake so wancan ya ce ɗari biyu. Ka cike da biro, ka buga kwafin kaset na VHS, ka wanko hotuna, ka rubuta cak na kuɗin shiga, ka zuba duka a ambulan ka kai gidan waya. In bikin a Turai yake kuma ga wata sabuwa, domin kaset ɗin Amurka tsarin NTSC ne, na yawancin Turai kuma PAL ne irin namu na Najeriya, sai ka biya an juya maka. Biki talatin kake son gwadawa? To sau talatin za ka yi wannan hidima, kuma yawanci ko amsa ba za ka samu da wuri ba.

Wannan ɓangaren mai fim ke nan. Ɓangaren masu bikin ni a ganina ya ma fi ban tausayi. Mutane suna jin an ce bikin fina-finai sai hankalinsu ya tafi Cannes ko Venice ko Berlin, jan kafet da kyamarori, amma waɗannan 'yan tsiraru ne, tsofaffin gidaje, Venice tun 1932 take, Cannes 1946, Berlin 1951. Mafi yawan bukukuwa mutum uku ne ko huɗu a wani ɗan ofis da 'yan sa-kai, ga kwalayen kaset sun cika ɗaki, wani cak ɗin ya zo babu kaset, wani kaset ɗin ya zo babu fom, wani fom ɗin rubutun mai shi ba ya karantuwa. Dole wani ya zauna ya kwafe komai cikin kwamfuta da hannu, dole a raba kaset ga masu tantancewa su tafi da shi gida su kalla su dawo da maki a takarda, in an zaɓi fim kuma a sake bin mai shi ana roƙon hoto da bayanin da za a saka a kataloji. Kuma a daidai wannan lokacin ne kayan aiki suka yi araha, ƙananan kyamarorin dijital suka shigo, manhajar tace hoto irin Final Cut Pro ta fito a 1999, kowa ya zama darakta, kamar dai yadda kyamarar bidiyo ta buɗe wa matasan Kano ƙofa a shekarun 1990. Fina-finai suka yi ta kwarara, ma'aikatan ofis kuma ba su ƙaru ba.

A shekarar 2000 David Straus da Joe Neulight suka kafa Withoutabox a Los Angeles. Dukansu sun san harkar fim daga ciki, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma in ka duba lokacin ba lokacin arziki ba ne ga kamfanin intanet, a watan Maris na wannan shekarar ne kasuwar hannun jarin kamfanonin intanet ta fara rugujewa, masu zuba jari suka tsorata. Dabararsu ba wata mai zurfi ba ce, fom ɗaya tal. Mai fim ya shiga shafin ya cike bayanan fim ɗinsa sau ɗaya, ya ga jerin bukukuwa da ranar rufewar kowanne da kuɗinsa, ya zaɓi wanda yake so ya biya da kati, su kuma masu biki bayanan su iso musu a tsare ba sai sun kwafe ba. Abin dariyar shi ne duk da sunan nan na ba kwali, shekaru da yawa kwalin bai tafi ko'ina ba, intanet ɗin lokacin ba zai ɗauki fim ba, YouTube ma sai 2005 ya zo, saboda haka bayan ka cike fom sai shafin ya ba ka wata lamba ka rubuta a jikin kaset ko faifan DVD ka kai gidan waya kamar da.

Matsalar irin wannan sana'a ita ce ta sabuwar kasuwa, mai saye ba zai zo ba sai ya ji akwai kaya, mai kaya kuma ba zai kasa ba sai ya ga masu saye. Amma da zarar kasuwar ta ci fa, to ta ci, ba wanda zai iya tsayawa a waje. Bikin da ya shiga Withoutabox sai ya ga fina-finan da suke zuwa masa sun ƙaru saboda dubban masu fim suna ganin sunansa, kuɗin shiga kuma shi ne jinin jikin ƙananan bukukuwa, da shi ake kama sinima a buga fosta a sauki baƙi. Mai fim kuma in ya riga ya sha wahalar cike bayanansa a wuri ɗaya ba ya son sake cikewa a wani wurin, har ta kai bikin da ba ya cikin jerin kamar babu shi.

To ina kuɗin yake fitowa? La'ada. Kamfanin dillali ne, yana yankar kasonsa daga kowane kuɗin shiga, kuma kason ya kai har kashi 18 cikin ɗari, ban da kuɗin talla in biki yana so a tura sunansa cikin saƙon imel da ake aika wa masu fim, ban da rangwamen da ake sa biki ya yi wa masu fim da suka biya kamfanin kuɗin babbar rajista. Bari mu yi lissafi na misali kawai, biki ya karɓi fim 2,000 kowanne dala 40, dala 80,000 ke nan, kashi 18 ɗinta dala 14,400. Ga bikin da shugabarsa take aiki kyauta rabin shekara wannan ba ƙaramin yanka ba ne. Har ila yau akwai tsarin nan na farashi hawa-hawa da ya zama al'ada, akwai farashin masu sammako, da na tsakiya, da na 'yan latti, sannan Withoutabox ya zo da wani ƙarin wa'adi na bayan latti wanda sai ta shafinsa ake samu, shi ne kuma mafi tsada.

Yanzu mu zo inda ni nake ganin nan ne ƙashin bayan labarin, domin fom a intanet ba abu ne da ya gagari wani ya yi ba, ko ɗalibin kwamfuta zai iya haɗa shi. Me ya hana wasu su yi irinsa su karya farashi? Takarda ce. A 2001 kamfanin ya nemi gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira, aka kuma ba shi a Disambar 2004, lamba 6,829,612. Irin wannan takarda asalinta don wanda ya ƙera sabon inji ko ya haɗa sabon magani ne, hukuma ta ce na wasu shekaru kai kaɗai za ka ci moriyarsa, duk wanda ya kwaikwaya ka kai shi kotu. To su abin da suka yi wa rajista ba inji ba ne, tsari ne, tsarin amfani da intanet wajen karɓar fina-finai ga bukukuwa da sarrafa bayanansu a rumbu guda. Wato kamar mutum ya je ya yi rajistar cewa shi kaɗai ne zai riƙa haɗa mai gida da ɗan haya ta wayar salula.

Za ka ce ta yaya hukuma ta yarda da wannan? Zamanin ne ya zo da haka. A 1998 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke hukunci a shari'ar State Street Bank, wanda ya buɗe ƙofar a riƙa ba da irin wannan takarda a kan hanyar gudanar da kasuwanci, ba sai abin da ake taɓawa da hannu ba. Daga nan kamfanonin intanet suka yi ca. Shahararren misali shi ne na Amazon, da ya samu takarda a 1999 a kan sayen kaya da dannawa ɗaya, har ya maka kamfanin littattafai na Barnes & Noble a kotu a kai. Kuma abin da mutane ba sa lura da shi, irin wannan takarda ba sai an je kotu take aiki ba, tsoro kaɗai ya isa. Shari'ar mallakar ƙirƙira a Amurka tana cin kuɗi na fitar hankali, ko da kai ne da gaskiya kafin alƙali ya faɗi haka lauyoyi sun talauta ka. Kasuwar kuma ƙarama ce, ba wanda zai zuba miliyoyi a shari'a don ya samu la'adar fom. Saboda haka masu son gwadawa a Amurka sai su lissafa su janye.

Sai kuma a Janairun 2008 IMDb ya sayi Withoutabox, rahotanni suka ce a kan kusan dala miliyan 3. IMDb shi ne babban rumbun bayanan fina-finai na intanet, wanda wani Bature ɗan Ingila Col Needham ya fara a 1990, kuma tun 1998 mallakar Amazon ne. Ka ga ke nan takardar nan ta koma hannun kamfanin da ya riga ya nuna zai iya kai mutum kotu a kan irinta, wa zai tunkari lauyoyin Amazon? A wajen IMDb cinikin yana da ma'ana sosai, bayanan dubban sababbin fina-finai suna shigo masa kai tsaye daga hannun masu su tun kafin duniya ta san da su. Ga masu fim ma akwai ɗan zaƙi, in ka tura fim ta Withoutabox yana sauƙaƙa maka samun shafi a IMDb, wanda a wajen sabon darakta kamar shaidar zama ɗan gari ce.

Daga nan ne abin ya fara lalacewa, ba don wani ya kai musu hari ba, sai don ba wanda yake bin su a baya. Shafin ya tsufa, yana da nauyi, yana da ruɗani, ka danna nan ka tsinci kanka can. Da suka zo da tsarin loda fim a kalla ta intanet, ƙorafi ya yi yawa a kan ingancin hoton, mutum ya kashe wata shida yana gyaran kala da sauti sai mai tantancewa ya ga abu dishi-dishi yana tsayawa, alhali a lokacin shafin ɗora bidiyo na Vimeo yana nan da hoto garau, masu fim da yawa sun fi son su tura mahaɗin Vimeo mai kalmar sirri. A 2013 wani mai bincike ɗan Birtaniya, Stephen Follows, ya bi diddigin harkar, ya ƙiyasta bukukuwan da suke raye a duniya sun kai wajen 3,000, kuma da ya tambayi masu shirya su, abin da suka faɗa a kan Withoutabox ba daɗin ji. Amma ina za su? Ka fita fina-finai su ragu, ka zauna a yi ta yankar ka, gaba kura baya sayaki.

Wani abu da ya kamata a sani, takardar mallakar ƙirƙira tana da iyaka irin ta ƙasa, ta Amurka a Amurka take aiki. Shi ya sa Turai ba ta taɓa shiga aljihun Withoutabox gaba ɗaya ba, Faransa tana da Shortfilmdepot mai alaƙa da bikin gajerun fina-finai na Clermont-Ferrand, Jamus tana da Reelport, daga baya Sifaniya ta zo da Festhome. Amma wanda ya yi kisan daga Kanada ya fito. A farkon 2014 FilmFreeway ya buɗe, shafi mai sauƙi, hoto mai kyau, mai fim ba ya biyan komai don rajista sai kuɗin shigar bikin kansa, biki ba ya biyan kuɗin buɗe shafi, la'ada kuma ƙasa sosai da ta Withoutabox. Suka ce su a Kanada suke, sannan tsarinsu daban suka gina shi. Kuma ba su da kunya ko kaɗan wajen talla, a Twitter suka riƙa yi wa Withoutabox ba'a ƙiri-ƙiri suna yaɗa ƙorafin mutane, abin da ya yi wa waɗanda suka daɗe suna cizon yatsa daɗi.

Sa'a ma ta taimake su. A watan Yunin 2014, 'yan watanni bayan buɗewarsu, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Alice da CLS Bank, inda a taƙaice ta ce ɗaukar wata dabara da aka sani a ce kawai za a yi ta da kwamfuta bai isa a ba mutum mallakarta ba. Wannan hukunci ba a kan fim aka yi shi ba, a kan harkar kuɗi ne, amma ya raunana ɗimbin takardu irin na Withoutabox, domin duk wanda ya kai ƙara yanzu yana iya dawowa an soke masa takardar gaba ɗaya. Ni dai a fahimtata dodon ya daina ban tsoro ne daga nan, kuma ba a ga Amazon ya rufe FilmFreeway ta kotu ba.

Yadda bukukuwa suka yi hijira ma akwai wayo a ciki. Ba su fita lokaci ɗaya ba, da yawa sai suka buɗe ƙofa biyu, maɓallin Withoutabox a nan na FilmFreeway a can, suka bar masu fim su zaɓa, masu fim kuwa suka yi ta bin sabon. Withoutabox ya yi yunƙurin gyara shafinsa, ya kuma riƙe manya irin Sundance da Toronto da yarjejeniyar cewa ta wajensa kaɗai za a riƙa tura musu, wanda ba ƙaramin makami ba ne in ka san Sundance kaɗai ya karɓi fim sama da 14,000 don bikin 2019. Amma ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. A Oktoban 2018 aka sanar za a rufe, a Satumbar 2019 aka daina karɓar fim ta shafin, Sundance ma ya koma FilmFreeway. Ga Amazon ai wannan ko tsabar aljihu bai kai ba, ya kakkaɓe rigarsa ya wuce.

Kada fa a ɗauka karɓar fim shi ne dukan aikin biki, rabinsa ne ma da ƙyar. Bayan an zaɓi fina-finai ne ainihin ciwon kai yake farawa, kuma nan ne wani rukunin kamfanonin ya fito. Akwai jadawali, wane fim a wane ɗaki da ƙarfe nawa, kada a saka biyu da suke neman 'yan kallo iri ɗaya a lokaci guda, kada a saka fim ranar da daraktansa bai sauka ba. Akwai zirga-zirgar kwafi, a da fim na 35mm nadi biyar ko shida ne a gwangwanaye masu nauyi da za su taso daga wani biki su wuce wani, yanzu kuma fayil ne na DCP, wato kwafin dijital da sinima take haskawa, wanda sau da yawa yake zuwa da mabuɗin dijital mai wa'adi, in wa'adin ya wuce fim ba zai buɗe ba ko da ɗaki ya cika. Akwai baƙi, tikitin jirgi, otal, mota daga filin jirgi, wa yake buƙatar biza, wa ba ya cin nama. Akwai katin wuya na 'yan jarida da na 'yan kasuwa, kowanne da ƙofar da zai iya shiga. Duk wannan shekara da shekaru a Excel ake yinsa da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ko biyu, ranar da suka bar aiki sun tafi da bikin a kansu.

Kusan duk kamfanonin da suka warware wannan daga cikin bukukuwan suka tsiro, ba daga wajen masu jari ba. Eventival na birnin Prague, wanda Tomáš Prášek yake cikin waɗanda suka kafa shi, mutanen da suka yi aikin biki da hannunsu ne suka gina shi. Manhajar Fiona a Holand tare da manyan bukukuwan ƙasar aka raine ta. Wanda ya fi burge ni shi ne Eventive na Memphis a jihar Tennessee, uba ne da ɗa, Iddo Patt yana cikin masu hidimar bikin Indie Memphis, bikin yana fama da matsalar tikiti da katin shiga, sai ɗansa Theo da yake yaro ɗan sakandare a lokacin ya rubuta musu manhaja. Dalilin da manhajar sayar da tikiti ta gama-gari ba ta yi wa biki shi ne mai katin shiga duka bai sayi kujera takamaimai ba, yana iya zuwa yana iya ƙin zuwa, to kujera nawa za ka ajiye masa nawa za ka sayar? Wanda bai taɓa tsayawa a bakin ƙofar sinima mutane suna masa ihu ba, ba zai ma san akwai wannan tambayar ba. Da korona ta zo a 2020, aka soke bikin SXSW na Amurka a watan Maris, Cannes ma bai yi taronsa yadda ya saba ba, sai irin su Eventive da Shift72 na New Zealand suka zama su ne sinimar, suna haska fim ta intanet da kulle yanki, yadda ɗan wata ƙasa ba zai iya kallo ba don kada a ɓata wa fim damar haskawar farko a can.

Mu koma kan maɓallin. Sauƙin da aka samu ya zo da tasa matsalar. Da tura fim yana da wahala, wahalar kanta tana tace mutane, yanzu da dannawa kaɗan za ka tura wa biki hamsin kafin shayinka ya huce, saboda haka layi ya yi tsawo, damar kowa ta ragu, Sundance na 2024 sama da 17,000 ya karɓa, wanda aka haska kuwa ko kashi biyu cikin ɗari bai kai ba. Ɗaya gefen kuma ya fi muni, tunda buɗe shafin biki ba shi da wahala kuma kuɗi yana shigowa tun kafin a haska komai, sai 'yan damfara suka gane ai ba sai an yi biki ba. Ka samo suna mai kama da na babban gari, ka saka hoton jan kafet, ka ce duk wata ana ba da kyauta, ka jera rukuni talatin kowanne da kuɗinsa, kusan duk wanda ya biya ka aika masa hoton ganye. Babu sinima, babu 'yan kallo, wani lokacin ma babu wanda ya kalli fim ɗin. FilmFreeway yana da ƙa'idoji kuma yana cire wasu, amma a duba tsarin da kyau, dillalin da yake cin la'ada a kan kowane ciniki ba shi ne ya fi kowa zumuɗin rage yawan ciniki ba. Shi ya sa ni in na ga fosta ta cika da ganye sai na tsaya na karanta sunayen tukuna kafin in taya murna.

Mu ma abin ya iso mu, bukukuwan Najeriya da dama, har da AFRIFF na Legas, ta FilmFreeway suke karɓar fim, kuma gaskiya ya buɗe ƙofa, yaro a Kano ko Zinder zai iya tura gajeren fim Toronto ba tare da ya san kowa ba. Sai dai kuɗin da dala ne. A 2022 da bankunanmu suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka rufe gaba ɗaya, na taya wani abokina tura gajeren fim ɗinsa wani biki mai kuɗin shiga dala 35, muka yi ta gwada kati yana ƙi, muka rubuta wa masu bikin muna roƙon lambar yafe kuɗi ba su amsa ba, ƙarshe wani ɗan uwansa da yake karatu a waje ne ya biya mana saura kwana ɗaya a rufe, kuma a farashin 'yan latti. Da muka gama ne na tsaya duba ko wa yake da shafin yanzu, ashe shi ma ɗan tawayen nan na Kanada an saye shi, kamfanin Backstage ya ɗauke shi a 2021, a 2022 kuma Cast & Crew ya sayi Backstage ɗin kansa. Cast & Crew kamfani ne da yake Burbank a California, babban aikinsa shi ne lissafin albashin ma'aikatan Hollywood. Fim ɗin abokin nawa dai ba a ɗauka ba, saƙon ya zo bayan wata huɗu, layi uku ne.